Kafin ka sayi ragon suna: abin da ke wuyan maigida daga shigar ciki zuwa yaye

Akwai wani dare da har yau ban manta ba, lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti na karkara. Wajen ƙarfe uku aka kawo wata mata a amalanken shanu, zanin da aka lulluɓe ta da shi ya jiƙe sharkaf da jini. Tun bayan isha'i ta haihu, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Da na tambayi abin da ya tsayar da su, sai uwar mijin ta ce, "Ɗana, maigidan ya tafi cin kasuwa, wayarsa kuma ba ta shiga. Wa zai fita da matar mutum cikin dare ba da izininsa ba?" Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ta rayu. Da hantsi mijin ya iso yana share hawaye da bakin rawani. Mutumin kirki ne, mai son iyalinsa. Wata biyu ke nan da ya sayi ragon suna, yana ɗaure a gida yana cin dusa. Magana ɗaya ce kawai bai faɗa ba kafin ya kama hanya.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a duk haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa. Masana sun daɗe suna bayyana irin wannan mutuwa da jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun yana wuyan hukuma da mu ma'aikata. Na farko da na biyu kuwa, a gidajenmu, suna hannun maigida, domin shi ke da izini, shi ke da kuɗi, shi ya san direba. Mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mu koma gefe. Amma mukullin ƙofar yana aljihunmu.

Mataki na farko: ba da izini tun yau, a gaban shaidu

Da zarar ta gaya maka ta yi ɓatan wata, kada ka jira komai. Ka tara waɗanda ke da ta cewa a gidan, mahaifiyarka, yayanka ko ƙaninka, abokiyar zamanta in akwai, ka ce: "Ko ina nan ko ba na nan, dare ko rana, in ta ji abin da ba ta gane ba a jikinta, a kai ta asibiti. Na ba da izini, kada a jira ni." Faɗa mata ita kaɗai a ɗaki bai wadatar ba, domin ranar da abin zai faru wataƙila ba ta iya magana, waɗanda ke tsaye a kanta su za su yanke hukunci. In kai ɗan ci-rani ne, ka nuna mutum ɗaya takamaimai da zai tsaya a madadinka, ka bar masa kuɗi a hannu.

Mataki na biyu: awo, tun ciki bai fito ba

Yawancin matanmu sai ciki ya kai wata biyar ko shida suke fara awo, musamman cikin fari da kunya ke hana a ambace shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ka lura yadda zuwan ke matsowa kusa da kusa a ƙarshe, saboda a nan ne hawan jini ya fi yi wa mata kwanton ɓauna.

Ka raka ta zuwan farko. Na san layin awo na mata ne, namiji kan ji nauyin zama a cikinsu. Ba sai ka zauna a benci ba. Ka tsaya a inuwa, in an zo kanta ka nemi nas ta ba ka minti biyar. Akwai gwaje-gwajen da ba su cika sai da kai: rukunin jini, gwajin sikila in ba ku yi kafin aure ba, cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta da tunjere. In an sami tunjere aka yi mata magani kai ba a yi maka ba, aikin banza aka yi, za ta sake kamuwa. In kuma gwajin rukunin jini ya nuna nata nagatif ne naka fozitif, ka riƙe maganar da kyau, domin akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya.

Za a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da za ta riƙa sha kullum. Da yawa sukan daina saboda tashin zuciya, ko don sun ga bayan gidansu ya yi baƙi. Baƙin ba ciwo ba ne, aikin maganin ne. Wasu kuma an tsorata su cewa yana ƙara wa jariri girma har ya ƙi fita. Ba haka ba ne. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Ka ajiye maganin inda kake ajiye carbinka, bayan cin abincin dare ka miƙa mata da ruwa. Daga wata na huɗu ana ba da Fansidar don kare ta daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, aƙalla sau uku kafin ta sauka. Akwai allurar rigakafin tetanus. Akwai gidan sauro mai magani, wanda ɗaura shi aikinka ne, ba a bar shi a leda ko a kewaye shuka da shi ba.

Duk ranar da ta dawo, karɓi katin ka duba. Ko ba ka iya karatun boko ba, tambayi abu uku: yaya awon jini, yaya kwanciyar yaro, yaushe za a koma.

Mataki na uku: tukunya da tulu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tsiren da kake tsayawa ka ci a bakin titi, ka naɗo shi ka kawo gida. Wake, ƙwai, hanta, kifi, gyaɗa, zogale, rama, alayyahu, duk suna kasuwar ƙauye. Ka sauke mata ɗaukar ruwa, faskare da daka in ciki ya tsufa, ko ka biya wanda zai yi. In kana shan taba, ka fita da ita waje nesa da ɗaki. Kada ta sha wani magani, na kemis ko na gargajiya, ba tare da an nuna wa masu awo ba.

Mataki na huɗu: haddace alamomin haɗari

Waɗannan in ka ga ɗaya daga ciki, ba a jiran gari ya waye:

- zubar jini, komai ƙanƙantarsa
- ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi
- kumburin fuska da hannaye
- jijjiga ko suma
- zazzaɓi mai zafi
- ciwon ciki mai tsanani
- fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo ba
- yaro ya rage motsi ko ya daina

Bari in tsaya a kan jijjiga, domin ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mace na zaune sai ta faɗi tana karkarwa, idanu sun juye, kumfa a baki. Nan take a ce iska ce, a kawo hayaƙi, a nemo mai ruƙiyya. Hawan jinin ciki ne ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar da ke tsayar da shi a asibiti. Ka kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin wannan hali don zai iya sarƙe ta. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya.

Mataki na biyar: wuri, kuɗi, mota, jini

Kafin ciki ya cika wata bakwai, ku zauna kai da ita ku gama magana a kan abu huɗu. Na ce kai da ita, domin jikinta ne, ita ta san inda take jin an mutunta ta. Shigar miji cikin lamarin ba ƙwace mata magana ba ne.

Wuri: wane asibiti za ta haihu, kuma suna aiki da dare? In abin ya fi ƙarfinsu, ina suke turawa, inda ake tiyata da ƙarin jini? Ka je da ƙafarka ka ga hanyar. In za ta tafi goyon ciki gidansu, ka yi wannan binciken a garinsu, ka kuma zauna da surukinka cikin ladabi ka shaida masa ka ba da izini, ga abin da ka tanada. Sau da yawa iyayen mace kan yi nauyin kai ta asibiti don kada a ce sun yi gaban kansu, miji kuma yana can yana ganin ai tana hannun iyayenta.

Kuɗi: ka ware asusu daban tun watan farko, ko ka shiga adashi ka nemi kwasarka ta faɗo a wata na takwas. Ko a jihohin da aka ce haihuwa kyauta ce, za ka sayi mai, wataƙila safar hannu ko wani magani da ya ƙare. Wannan kuɗin ba na atamfar fitar suna ba ne. Rago in bai samu ranar bakwai ba ana iya yanka shi daga baya; ledar jini ba ta jira.

Mota: lambar direba biyu, ba ɗaya ba, kuma ka yi magana da su tun yanzu, ku daidaita kuɗi. A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an yi tsarin da 'yan ƙungiyar direbobin haya ta ƙasa, wato NURTW, ke ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Ka tambaya a tasharku ko akwai masu yi. In haihuwar za ta faɗo da damina, ka yi tunanin rafin da ke cika ya raba ku da titi. Gara ta koma gidan dangi kusa da asibiti mako biyu kafin lokaci.

Jini: ka nemi mutum biyu ko uku masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa sama, waɗanda jininsu ya dace da nata, su yi alkawari. Leda ɗaya ba ta rage wa namiji ƙarfi, jiki na mayar da ita.

Sai maganar sa hannu. In likita ya ce sai an yi aiki, na sha ganin miji ya fita waje yana buga waya ga kawu da baffa awa biyu, yaro na galabaita a ciki. Ku tattauna wannan tun tana lafiya, ka ji ra'ayinta, ka sanar da manyanka, don ranar ta zo ba sabon zance ba ne.

Mataki na shida: ranar naƙuda

An ce haihuwa yaƙin mata, kuma mace kan ɓoye naƙuda don a yaba mata jarumta. Ka gaya mata ba ka son wannan jarumtar, da ta ji ciwo ta faɗa. Naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta zama doguwa. Kan yaro in ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin yakan mutu, ya bar ƙofa. Yoyon fitsari ke nan. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga 'yan mata ƙanana da wannan lalura, da yawansu mazan sun sake su, ba zai ƙara cewa a ɗan jira ba. Kada ka yarda a yi mata yankan gishiri, kada a kira mai kemis ya yi allurar ƙara naƙuda a gida, domin tana iya fasa mahaifa.

Bayan ta sauka, kada ka matsa a sallame ku don 'yan barka na jira. Ta kwana, ta cika awa 24 a ƙarƙashin idon ma'aikata, saboda a wannan tsakanin ne zubar jini ya fi kisa. In haihuwa ta zo a gida ba shiri, a kai su asibiti a ranar. Mabiyiya in ta wuce awa ɗaya ba ta fita ba, ko ƙunzugu na jiƙewa ɗaya bayan ɗaya, a tafi nan take, kada a ja cibiya da ƙarfi.

Mataki na bakwai: makon farko, inda za ka zama katanga

Nan ne aikin ya fi wuya, domin waɗanda za ka yi wa magana iyayenka ne, kuma da ƙauna suke yin abin da suke yi. Maijego, musamman ta fari, ba za ta iya musu da uwar miji ba. Kai ne za ka iya, in ka san yadda za ka ɗauko zancen.

A sa jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe su, ya kama nono cikin awa ɗaya. Dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. A jinkirta wanka zuwa awa 24. A goge shi a naɗe, a sa masa hula. Cibiya kuwa, man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti shi kaɗai za a shafa, kullum har kwana bakwai, da hannu wankakke, kuma kada ya kusanci ido. Ban da toka, man goge baki, kashin shanu ko gashi da tsumma mai datti.

Sai wanzami. Aski ba laifi in aska sabuwa ce. Amma cire beli da tsaga da yi wa 'ya mace kaciya ko cire angurya, babu abin da suke ƙara wa jariri sai zubar jini da ƙwayoyin cuta. Beli halitta ce, kowa da shi aka haife shi. Kai ke biyan wanzami, don haka kai za ka gaya masa iyakar aikinsa. Ka ba shi haƙƙinsa cikakke yadda aka saba, ka ce aski kawai.

Wankan jego da ruwa mai ɗumi yana sa maijego ta ji daɗin jikinta. Tafasasshen ruwa mai ƙuna, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa kofi-kofi, su ne abin tsoro. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da waɗannan al'adu. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga wadda ta yi hawan jini kuwa haɗari ce. In ka ga maijego na haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, a kai ta asibiti.

Yadda za ka faɗa shi ne rabin aikin. Kada ka shiga da "likita ya hana" a gaban jama'a. Ka sami mahaifiyarka ita kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Inna, ga abin da aka gaya mana a asibiti, na ce ba wanda zai tsaya a kai ya yiwu sai ke." Ka damƙa mata man cibiyar a hannunta. In da hali ka tafi da ita awon ƙarshe ta ji da kunnenta. Tsohuwar da aka ba amana takan fi kowa tsanani wajen kiyaye ta.

Ka riƙa duba jaririn da kanka safe da yamma. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko yana jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko idanu da tafin hannu da tafin ƙafa sun yi rawaya irin na shawara, a tafi. Numfashi kuwa, ɗaga rigarsa yana kwance shiru, kalli agogon wayarka, ƙirga ɗagawar cikinsa na minti ɗaya cur. In ya kai 60, sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, ko ka ga ƙasan ƙirjinsa na shigewa ciki sosai, kada ka kwana da shi a gida. Ko lafiya lau suke, akwai komawa duba uwa da ɗa a rana ta 3, tsakanin rana ta 7 da ta 14, da mako na 6. Zaman arba'in bai hana zuwa asibiti ba. In kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, tun 2021 aka amince da hutun kwana 14 ga mazan da aka yi wa haihuwa. Ka karɓa, ka yi shi a gida.

Mataki na takwas: katin rigakafi da nono zalla

A Najeriya ana fara rigakafi ranar haihuwa: ta tarin fuka, ɗigon shan inna da ta ciwon hanta. Sai mako 6, mako 10 da mako 14, inda ake ba da allurar nan mai kare cuta biyar, da ta ciwon huhu, da ɗigon rigakafin gudawa da aka shigo da shi a 2022. A wata 9 akwai ƙyanda, shawara da sanƙarau, a wata 15 ƙyanda ta biyu. Yaro kan yi ɗan zazzaɓi da kuka kwana ɗaya ko biyu bayan allura, kuma a nan ne maza da yawa ke cewa kada a sake kai shi. Wannan zafin alama ce jiki na koyon faɗa da cutar. Ka sa ranakun a wayarka, ka adana katin tare da takardun gida, ka karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Wata shida na farko nono kaɗai, ko ruwa ban da shi, ko a zafin bazara. Mafi yawan nono ruwa ne. Uwar za ka ba ruwa da abinci, shi kuma a ƙara masa yawan tsotso. Daga wata shida a fara kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, dakakken kifi, ganye, ana ci gaba da nono har shekara biyu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ita ce kuma ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan uba. In gudawa ta kama shi, kada a ce haƙori ne a zauna: ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, nono kuma ba a dainawa. Da damina, in masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun zo, yaro daga wata 3 ya cancanta, ka buɗe musu ƙofa.

Ka sa ido a kan uwar ma. Wadda ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba barci, ba ta sha'awar komai har jaririn, ba raki take yi ba. Damuwa ce ta bayan haihuwa, kuma ana maganinta. Ka karɓi yaron ka zaga da shi tsakar gida ta samu ta runtsa. Maganar tazara kuma ku yi ta kafin arba'in. Likitoci na ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 kafin wani cikin, don jininta ya dawo, na goye kuma kada ya faɗa tamowa. Ku je tare ku ji hanyoyin da ake da su, ta zaɓi wadda ta dace da jikinta.

Mataki na tara: kai zancen majalisa

A jihar Damagaram ta Nijar, tun 2008 aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta kaɗan ne da ake ganin girmansu ke zama lokaci-lokaci da ma'aikacin lafiya, su duba abin da ke hana matan garinsu zuwa awo da haihuwa a asibiti, su nemi mafita, sannan su bi sauran maza da magana. Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin ƙasar da wasu ƙasashe maƙwabta.

Ba sai an kawo muku shi daga sama ba. Majalisar da kuke zama bayan la'asar ta isa. Ku sayi littafi ɗaya, ku rubuta sunan duk mai mota ko Adaidaita Sahu da ya yarda a tashe shi da dare, da lambarsa. A shafi na gaba, rukunin jinin duk wanda ya yarda ya bayar. Ku riƙa zuba wani abu duk Juma'a a asusun gaggawa da za a ranta wa wanda abin ya faɗa wa, ya biya bayan suna. Ku roƙi liman ya taɓo maganar izini a huɗuba. Littafin ya zauna a wurin mai unguwa, a kuma kwafe lambobin a manna a ƙofar masallaci da ɗakin ungozoma.